Baƙin Mai a Takalmin Hagu

Auta ne ya fara ganin ƙujewar, domin shi ke goge takalman Baba. Kullum da safe, kafin ya wuce shagon da yake aiki, sai ya biyo ta gidan hayar da Baba yake zaune shi kaɗai, ya ajiye masa burodi a kan tebur, ya ɗauko takalman daga bakin ƙofa, ya zauna a dakali da buroshinsa. Baƙaƙe ne sau-ciki, sun kwana biyu a duniya amma fatar tana da kyau. Ran nan ya ɗaga na hagu zai karkaɗe, sai ya ga hancinsa ya ƙuje, wurin ya yi fari-fari kamar an goga shi a bango. Ya ɗauki na dama ya jujjuya. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Sai ya sake ɗaukar na hagun ya ƙura masa ido.

Duk wanda ya tashi a gidan mai babur ya san abin da ke cin takalmin hagu shi kaɗai ya bar na dama. Giyar babur ce. Baba a kan babur ya yi rayuwarsa, yana kai saƙonnin 'yan kasuwa, kwalaye ɗaure a baya har sun fi kansa tsawo. Tun Auta yana ƙarami ya san takalmin Baba na hagu da tabonsa, kuma a kan wannan tabo ya koyi riƙe buroshi. Bara ne jiri ya kwashi Baba a tsakiyar titi, ya faɗi da kaya da komai, ya kwanta asibiti. Likita ya ce jininsa ya hau, ya rabu da babur. Yaya, babbar 'yarsa da ke aure a wani gari mai nisa, ta zo ta tsaya a kan gadon ta kafa sharaɗi a gaban kowa: duk ranar da ta ji Baba ya sake ɗora ƙafa a kan babur, za ta zo da mota ta kwashe shi ya koma gidanta. Baba ya yi alkawari. Sayar da babur ɗin ne kawai ya ƙi. Aka ɗaure shi da sarƙa a rumfar Mai Faci, abokinsa na ƙuruciya, aka damƙa wa Auta makulli.

Gidan Yaya kuwa ba abin da Baba ya tsana kamarsa. Ba don ana wulakanta shi ba. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, a zaunar da mutum gaban talabijin, a riƙa tambayarsa ko ya sha magani. A nan layin kuwa ba mai wucewa bai gaishe shi ba, kuma a wannan ɗaki ya zauna da marigayiya matarsa har Allah ya raba.

Auta ya gyara zama a dakali. Ya jiƙa bakin tsumma ya share wurin, ya bari ya sha iska. Ya lakaci man takalmi da yatsa ya cusa a cikin ƙujewar a hankali, ya ɗauko cokalin shayi ya murza da bayansa har fatar da ta tashi ta kwanta. Ya ƙara mai, ya bi da buroshi. Da ya gama sai ka rantse ba abin da ya taɓa samun takalmin.

"Yau ka daɗe," in ji Baba daga cikin ɗaki. Yana zaune a bakin gado, rediyo a cinya.

"Ƙura ce ta yi yawa."

"To miƙo mini butar shayin nan kafin ka tafi."

Butar tana kan tebur, taku kaɗan daga gadon. Auta ya miƙa masa ya fita.

Shagon da yake aiki na takalman gwanjo ne, a wani lungu da ba ya samun rana. Ana kawo su cikin buhu, ɗaure ƙafa biyu-biyu da igiyoyinsu, suna warin ajiya. Aikin Auta shi ne ya mai da su abin kallo. Yana da teburinsa a can ƙurya, da man goge baki na fararen takalma, da basilin na masu sheƙi, da robar goge fensir na masu fata mai laushi. Hannunsa ya san bambancin tabon da ya hau kan fata da wanda ya ci fatar kanta. Na farko ana goge shi ya tafi. Na biyu sai dai a cike a rufe. Ranar nan yana aiki yana tunani. Tabon giya da ya sani tun yana yaro irin na farko ne, baƙi-baƙin roba da ke hawa saman takalmi. Wannan kuwa ya ci fata, kuma ya ɗan fi gangarowa ƙasa. Amma sai ya tuna robar giyar babur ɗin ta daɗe da tsagewa. In ta fita, ai ƙarfe tsirara ne zai riƙa cin fata. Ya ga maganar ta zauna.

"Kai, wannan takalmin surukinka ne da kake ta lallaɓa shi?" in ji Maigida, mai shagon, daga bakin ƙofa. "Ga buhu can yana jiranka."

Auta ya yi murmushi ya ajiye. Sai a lokacin ya lura ƙafa ɗaya yake ta gogewa tun ɗazu, ta hagu.

Bayan kwana biyu ƙujewar ta dawo, a wuri ɗaya, har ta fi ta da. Ya gyara. Ta sake dawowa. Daga nan ya fara lura da wasu abubuwa. Silifas ɗin Baba da kullum suke bakin ƙofa sun koma ƙarƙashin gado, ƙura ta hau su. Ko famfo Baba zai je, in ji matar maƙwabci, sai ya sa sau-ciki ya ɗaure igiya tamau. Auta ya san wannan ɗabi'a. Baba bai taɓa hawa babur da silifas ba, kuma ya sha zagin masu yin haka.

Wata safiya ya daure ya ɗan taɓa maganar ta gefe.

"Baba, kana fita da nisa ne kwanan nan?"

"Ina zan je? Daga nan sai rumfar Mai Faci. Ko an hana ni zama da abokina ma?"

"A'a. Na ga takalmin yana saurin lalacewa ne."

Baba ya murɗa rediyo kamar yana neman tasha. "Takalmi ya tsufa kamar mai shi. Ko kana so ka sayar mini da na gwanjonku ne? Na wani bawan Allah da ya mutu a ƙasar sanyi?"

"Ƙafa ɗaya ce ke lalacewa, Baba."

"To ka tambaye ta. Ni da ita ba ma hira."

Ya faɗa da dariya, amma bai ɗago ya dubi Auta ba.

Washegari babu takalma a bakin ƙofa. Auta ya leƙa ya gan su a gefen gado, kusa da ƙafafun Baba.

"Bar su, na goge da kaina," in ji Baba. "Kullum kana makara saboda ni."

"Ba na makara."

"Na ce ka bar su."

Auta ya sunkuya kamar zai ɗauki kofin da ke ƙasa, ya kai ido. An shafa wa hancin na hagu wani abu baƙi mai danƙo, ba ya sheƙi, ya jiƙa fatar har ya bazu ya yi da'ira. Bai buƙaci ya taɓa ba. Warin ya riga ya shiga hancinsa. Baƙin mai ne, wanda ake juyewa daga inji.

Ya miƙe da kofin a hannu. Me zai kai baƙin mai takalmin mutumin da ya rabu da babur?

Da aka tashi cin abincin rana bai ci ba, ya nufi rumfar Mai Faci. Rumfar kwano ce a bakin titi, tsofaffin tayoyi jibge a gefe, ga bahon ruwa da ake tsoma tiyub a nemo huji, ga injin iska yana ta tari. Babur ɗin Baba na can ciki jingine da ginshiƙi. Mai Faci, tsoho siriri mai hula ta saƙa, yana durƙushe yana kankare tiyub.

"A'a, Autan Baba. Yau masu takalma ne a rumfarmu? Taya ta fashe maka ne a ƙafa?"

"Gaisuwa na kawo, Kawu."

"Gaisuwa da rana tsaka. To na amsa."

Auta ya zagaya wajen babur ɗin yana yi kamar inuwa yake nema. Sarƙa na nan, kwaɗo na nan. Amma kwaɗo irin wannan ko da ƙusa Mai Faci zai buɗe shi. Ya latsa tayar baya da babban yatsa. Cike take tam. Ya shafa sirdi. Ba ƙura. Ya sunkuya ya dubi giya. Robar ta fita, ƙarfe ne tsirara, kamar yadda ya zata.

"Kawu, babur ɗin da ba a hawa, wa ke masa iska?"

"Ni mana. Ina mai faci a ce taya ta kwanta a rumfata? Ai abin kunya ne."

"Sirdin ma tas."

"Masu jiran faci ne ke zama a kai. Da wandunansu suke goge mini shi kyauta." Ya ɗago ya kalli Auta da ido ɗaya. "Kai ɗan sanda ka koma ne?"

"Baba yana zuwa nan kullum?"

"Kullum. Yau dai bai iso ba tukuna. Yanzu ma ya fi daɗewa. In ya zauna sai ka ce an dasa shi, sai layi ya yi shiru yake tashi."

"Yana taɓa babur ɗin?"

"Yana kallonsa dai. Kallo ma an hana?"

"Baƙin mai fa?"

Mai Faci ya ɗan yi jim. Ya tsoma tiyub a ruwa ya daɗe yana neman kumfa. "Ya ce in zuba masa kaɗan a murfin kwalba. Ban tambaye shi ba. Ƙila ƙofarsa ce ke kuka."

Wannan jim ɗin ne ya tsaya wa Auta a rai. Ya san tsofaffin nan biyu. Tun kafin a haife shi suke rufa wa juna asiri, kuma ƙofar Baba ba ta kuka.

Da yamma yana rufe shago Yaya ta kira, kamar yadda ta saba. Ta tambayi magani, ta tambayi abinci. Auta yana amsawa da e da a'a.

"Muryarka ba daidai take ba," in ji ta. "Me ya faru?"

"Ba komai."

"Auta. Ni na goye ka. Faɗa mini."

Ya jingina da ƙofar shagon. Ya so ya yi shiru, sai hoton Baba kwance a titi, kwalaye warwatse, ya dawo masa. In ya rufe baki abu ya sake faruwa, da wane ido zai dube ta?

"Ina zargin Baba ya koma hawa babur."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba. Takalminsa ne ya nuna."

Da wata ce da ta yi dariya. Amma Yaya ma a gidan ta tashi. "Na hagu?"

"Na hagu. Har da baƙin mai."

"Ƙarshen mako ina nan tafe da mota. Kada ka gaya masa, sai ya ɓoye mini a gidan wani. Ka nemo kwalaye a shagonku."

Ta kashe. Auta ya tsaya da waya a hannu, sai ya ji kamar ya sayar da mutum a bayan idonsa. Abin da ya fi damunsa shi ne tambayar nan tata: ka gan shi? Bai gani ba. Ya ɗauki uba guda zai raba shi da ɗakinsa a kan shaidar hancin takalmi.

Saboda haka ana gobe Yaya za ta zo ya roƙi Maigida ya ba shi safiya. Ya kai burodi kamar kullum, ya yi sallama kamar ya tafi, sai ya tsallaka ya shige shagon mai aski da ke kallon gidan, ya zauna a bayan labule. Ya ce wa mai askin layi yake jira, alhali shi kaɗai ne a shagon.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin Baba ya fito. Ya tsaya a ƙofa ya dubi dama ya dubi hagu, kamar mai shirin aikata abin da bai kamata ba. Baba ya fara tafiya a hankali, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana shafar bango. Ya tsaya ya gaisa da mai kanti, ya daɗe. Ya yi gaba kaɗan, ya tsaya wajen mai gyaran waya, ya sake daɗewa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce dattijo ne mai son mutane. Sannan, maimakon ya bi babban titi da ya fi kusa da rumfar Mai Faci, sai ya karya ya shiga wani siririn lungu da ke bayan gidaje.

Auta ya ce a ransa, to ga ta nan. A can wani zai kawo masa babur ɗin.

Ya bi shi daga nesa. Lungun ba kowa, sai bututun ruwan wanka da ke zuba a kwata, da siminti da ya farfashe. Babu babur. Babu mai jira. Abin da ya fara isa ga Auta sauti ne. Taku ɗaya, sai wani ƙaraf-shuu. Taku ɗaya, sai shuu. Baba ya saki jiki tunda yana ganin ba mai kallo, ya daina tafiyar nan ta ƙasaita. Ƙafar dama tana ɗagawa ta sauka lafiya. Ta hagu kuwa ba ta ɗaga kai. Sai ya ɗage kwankwaso ya jawo ta, hancin takalmin yana sharar siminti. Da ya zo wajen murfin kwata da ya ɗan tashi, hancin ya daki bakinsa, Baba ya yi taga-taga ya dafe bango da hannu biyu.

Auta ya tsaya cak.

Baba ya numfasa, ya lallaɓa ya zauna a kan wata matakala ta ƙofar baya. Ya ciro ƙyalle daga aljihu, ya warware, ga murfin kwalba a ciki. Ya kama ƙafar hagu da hannu ya ɗora ta a kan gwiwa, ya dangwali baƙin man ya fara shafawa a sabuwar ƙujewar, yana karkata kai yana dubawa ko ta ɓace.

Sai komai ya jeru wa Auta. Silifas da ba sa zama a ƙafar da ba ta riƙe su. Butar shayi da ake cewa a miƙo. Zaman rumfa har sai layi ya watse. Shi da yake zuwa kullum, bai taɓa tambayar kansa yaushe rabon da ya ga Baba a tsaye ba.

Ya tako a hankali. Baba ya ji motsi ya ɗago. Ya yi saurin dunƙule ƙyallen, sannan ya ga ba amfani, ya sake shi.

"Shagon naku ya ƙone ne?"

"A'a."

"To me kake yi a bayan gidajen mutane?"

Auta ya matso. Ya durƙusa a gabansa ya kwance igiyar takalmin, ya zare shi. Ƙafar ta saki ta yi ƙasa kamar ba ta da mai ita. Ya riƙe ta a tafin hannunsa.

"Ɗaga yatsun, Baba."

"Kai likita ne?"

"Ɗaga dai in gani."

Baba ya ciji leɓe. Babban yatsan ya ɗan motsa, shi ke nan.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Da farko kamar ta yi barci ne. Na ce za ta farka." Ya kau da kai ya dubi kwata. "Ba ta ciwo. Abin da ba ya ciwo ai ba cuta ba ne."

Auta ya ɗauki takalmin ya duba. Man ya shige fatar ya yi laushi, wurin ya kumbura. "Wannan mai yana kashe fata, Baba. In ya shiga, man takalmi ba ya kamawa kuma."

"Shi na sani. Duk abin da ya yi fari a jikin babur da shi nake rufewa."

"Shi ya sa na ɗauka babur kake hawa."

Baba ya juyo ya dube shi sosai. Sai wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, marar ƙarfi. "Babur? Da wace ƙafar zan sa giya?" Dariyar ta tsaya. "Haka ka zata?"

"Haka na zata." "Kuma haka na gaya wa Yaya. Gobe za ta zo da mota."

Auta ya jira faɗa. Baba bai yi ba. Ya miƙa hannu ya karɓi takalmin ya riƙe a cinya.

"To bar ta a haka," in ji shi can. "Ka ce babur ne."

"Baba."

"Saurara. In babur ne, laifi na yi. Zan ba ta haƙuri, ta yi faɗanta, in ce a sayar da shi a gabanta, ƙila ta huce ta tafi. In ƙafa ce kuwa, ba haƙurin da zan bayar. Ɗaukata za ta yi kamar buhu." Ya kama hannun Auta. "Zan zauna a gado har ta tafi. Kai dai ka riƙa miƙo abubuwa."

Auta ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, duk baƙin mai a farce. Dabarar za ta iya ci, ya sani. Yaya mai zafi ce amma mai saurin sauka. Kuma shi ya jawo wannan tafiya, shi ya kamata ya gyara. Sai dai ƙafar tana nan a gabansa, a sake, kuma kowace safiya da aka rufe ta wata safiya ce da likita bai gani ba.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ka iya kai ƙarata a kan abin da ban yi ba."

Maganar ta shige shi. Ya sunkuyar da kai, ya mayar wa Baba takalmin a ƙafa, ya ɗaure igiya. "Na yi kuskure. Ba zan ƙara wani a kai ba. Tashi in raka ka."

Baba ya ƙi hannunsa. Ya dafa bango ya miƙe da kansa. Har suka isa gida bai ƙara ce masa uffan ba, amma a wajen murfin kwata ya bari Auta ya riƙe masa gwiwar hannu.

Washegari da hantsi motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida. Ta fito da mayafi a kafaɗa, fuska a ɗaure, ko gaisuwar maƙwabta ba ta tsaya amsawa da kyau ba. Auta na tsaye a bakin ɗaki.

"Ina kwalayen?"

"Ban kawo ba."

Ta harare shi ta shige. Baba na bakin gado, ya sa riga mai kyau, takalma a ƙafa. Ta durƙusa ta gaishe shi a gajarce, sannan ta fara. Alkawarin da ya yi a asibiti. Yadda ba ta barci saboda tunaninsa. Ko so yake a kira ta a ce ta zo ta ɗauki gawa a titi? Baba ya sunkuyar da kai yana ta cewa, "Haka ne. Na yi laifi. A sayar da shi." Ya saci kallon Auta ta gefen ido.

Auta ya shigo ɗakin. "Yaya, ba babur ba ne. Ni na yi kuskure."

"Yanzu kuma kare shi za ka yi?"

"Baba," in ji Auta a hankali, "ga butar shayi can a tebur. Yaya ta sha hanya."

Baba ya dube shi, kallo mai tsawo. Auta bai kau da ido ba, bai kuma motsa ya miƙo butar ba. Yaya ta dubi wannan ta dubi wancan, ta rasa gane abin da ke faruwa. Can Baba ya ja numfashi, ya dafa katifa ya miƙe. Taku ɗaya, sai shuu a kan ledar ɗaki. Taku ɗaya, sai shuu. Ya kai tebur ya ɗauki butar, ya tsaya a nan ya ba su baya.

Mayafin Yaya ya zame ya faɗi, ba ta ɗauka ba. Ta tashi ta karɓi butar daga hannunsa ta ajiye.

"Mu je asibiti," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu."

Sun daɗe a kan benci kafin a kira su. Likitar ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta sa Baba ya tura ƙafa ya ja, ta yi masa faɗan ɓoyewa, ta rubuta gwaje-gwaje. Ta ce sai sakamako ya fito za ta san tushen abin, amma ko mene ne, zai riƙa zuwa ana motsa masa ƙafar, kuma kada ya ƙara kwana shi kaɗai.

A hanyar dawowa, motar ta kusa layinsu. Yaya na gaba kusa da direba, tana kallon titi.

"Kun ji dai abin da ta ce," in ji ta. "Ba zai zauna shi kaɗai ba. Ɗakinsa na can a gyare."

Baba na zaune a baya. Yana kallon shagunan layin ta taga, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga su.

"Ba shi kaɗai zai zauna ba," in ji Auta. "Yau zan kwaso katifata."

Yaya ta juyo. "Kai da ka yi ta zuwa kullum ba ka ga mutum yana jan ƙafa ba?"

"Takalmi nake kallo. Yanzu shi zan kalla."

"Asibitin fa? Wa zai riƙa kai shi?"

"Ni. Zan yi magana da Maigida, in koma aikin yamma."

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dubi Baba, wanda har yanzu bai juyo daga taga ba. Ta gyara zama ta fuskanci gaba.

"Duk abin da likita ta ce, a kira ni a gabanta in ji da kunnena. Ba ta bakinku ba, ku biyun nan ban yarda da ku ba. In ƙafar ta ƙara lalacewa, ba shawara zan zo yi ba."

"Mun ji," in ji Auta.

Motar ta tsaya. Auta ya zagayo ya buɗe wa Baba ƙofa, ya miƙa hannu. Baba ya kama, ya fito da ƙafar dama, ya jawo ta hagu da hannunsa. Mai kanti ya leƙo, mai aski ya ɗaga labule. Baba ya gan su sarai. Ya gyara hula, ya fara takawa a gabansu yadda ƙafar ta ga dama.

A bakin ƙofa ya tsaya yana haki, ya yi magana ba tare da ya dubi Auta ba.

"Katifar taka babba ce?"

"'Yar ƙarama ce."

"To ta bakin ƙofa za ka shimfiɗa. Kuma in kana minshari, ka faɗa mini tun yanzu in bi yayarka."